Daron Tabita

Ke 'yar nan, dakata mini haka. Wa ya ce miki abin da addininsu ya ce ke nan? Don kin ga wani mai farin takalmi a wayarki yana tsalle yana cewa mai bin Allah ba ya talauci, shi ke nan kin sauke karatun Kiristoci? To ni ban iya waya ba, amma na san Tabita matar Irmiya, zana ɗaya ta raba gidanmu da nasu. Ita ma ta taɓa faɗin wannan maganar, ta ma fi mai takalmin naki iya faɗi. Aje wayar ki ji inda ta kai ta.

Gidajen Kiristoci a ƙauyen nan namu na bayan Auyo ba su da yawa. Iyayensu ne suka zo aikin hanya tun da daɗewa, suka ɗanɗana kifin Haɗejiya, suka mance hanyar gida. Cocinsu ɗakin ƙasa ne mai rufin kwano, can bayan injin casar shinkafa, fastonsu kuma daga Haɗejiya yake zuwa a kan babur. Fadama ɗaya ake nomawa da su, ruwa ɗaya ke cin kowa.

Suna da wata al'ada. Duk shekara in an gama yankan shinkafa sai su ware Lahadi guda ta godiya. Wanda ya samu ya ɗebo daga abin da ya samu, matan su sha anko, su ɗora a ka, su tako da rawa tun daga ƙofar gida har cikin coci. Wanda ruwa ya cinye wa gona kuwa ba ya rawa. Akwai wani dogon benci a jikin bango, nan yake zama, kuma shi ke tashi ya sauke wa masu rawa kaya, in an gama sujada a raba musu abin da aka tara. Ba wanda ya taɓa ɗaukar bencin nan abin kunya. A ƙasar da kogi ke yawo yadda ya ga dama, wanda ya yi rawa bana shi ke zama baɗi. Tabita ce ta mai da shi abin kunya, da bakinta.

Wata shekara aka yi babban taro a Haɗejiya, wani baƙon mai wa'azi ya zo daga birni da lasifika. Tabita ta je, ta dawo da maganarsa cike da baki: wai Allah ba ya barin nasa a rashi, in ka ga rashi ya zauna a gidanka to bangaskiyarka ce ta yi rami. Aka kuwa yi dace, ko rashin dace, shekarar shinkafar Irmiya ta yi kyau har ta ba mutane tsoro. Ya sai babur, ya sai injin ban-ruwa. Matan coci suka naɗa Tabita shugabar zumuntarsu. Ranar godiya ta tako da daro har yana zuba, aka sauke mata, ta karɓi wuri a gaba don ba da shaida.

Ta ce, "Ni dai shaidata ke nan. Wanda ya riƙe Ubangiji da hannu biyu, ruwa ya san iyakar gonarsa. In ka ga ya shiga, to ka binciki kanka."

Ba ta kalli benci ba, amma kowa ya kalla. A bakin bencin kuwa Mama Briskila ce zaune, tsohuwar da mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya tilo ya bi shi, ya bar mata jikoki da wata 'yar gona a kwari wadda ruwa ke fara gaisarwa kafin ya gaida kowa. Ta daɗe a bencin nan har katakon ya san ta. Ta gyara ɗankwalinta, da aka raba ta karɓi nata ta yi godiya. Tun daga ranar masu zama a benci suka fara zama da sunkuyar da kai.

Damina ta zagayo. Ciyawar kachalla ta toshe wa ruwa hanya, ya rasa inda zai bi, ya biyo ta kanmu. Maza suka yi ta jinga da buhunan ƙasa, ya ɓalle ta kamar ba a yi ba. Shinkafa ta ɗauki ciki ke nan ruwan ya hau kanta ya zauna, aka riƙa ratsa gonaki da kwalekwale. Ta Irmiya ta tafi tare da ta kowa.

Sai dai Irmiya ya kama wata gonar can wajen Guri, inda ba mai zuwa daga nan. Tabita ta riƙe wannan da kyau. A bakin famfo, a wajen niƙa, duk wadda ta yi mata jaje sai ta ce ai ta nan gwaji ne kawai, ta Guri tana nan ko kunnenta ruwa bai taɓa ba. Tana faɗi tana jin sanyi a ranta, don ita ma ta yarda da hakan.

Da lokacin yanka ya yi Irmiya ya hau babur ya tafi. Ya dawo da yamma ba buhu ba dami, ya shigo da babur ɗin har tsakar gida, ya zauna a kan turmi. Ta tsaya a kansa tana jira. Ya faɗa mata ruwa ya ci rabi, abin da ya rage kuma tsuntsu ya sauka a kai.

Ya ce, "Jan-baki dai sun riga mu yin godiya."

Abin da ya fara zuwa ran Tabita ba yunwa ba ce, fuskar Briskila ce. Ta ji maganarta ta bara tana dawo mata kalma kalma, da muryarta, da yadda ta ɗaga hannu lokacin da take faɗi. Magana zarar bunu ce. Ta roƙi mijin kada ya faɗa wa kowa. Suka koma cin abinci sau ɗaya a wuni, amma kullum da yamma sai ta hura wuta don a ga hayaƙi, ta kuma ɗan buga taɓarya don a ji. Ita a zatonta turmi duk turmi ne. Ba ta san na bayan zana sun san ƙarar mai abu da ta marar abu ba.

Da Lahadin godiya ta matso, Irmiya ya ce shi fa benci zai zauna, ubansa ma ya zauna a kai bai mutu ba. Tabita ta ce in ya zauna a bencin nan to ya nemi wata matar. Ya ce to me za ta ɗauka ta yi rawar da shi, iska? Ta ce wannan ba ruwansa. Suka yi ta yi ƙasa-ƙasa don kada a ji, har ya gaji ya ce shi ranar zazzaɓi zai yi, ta je ita kaɗai. Tun ranar Asabar kuwa ya fara rawar sanyi don ya saba.

Ta je wajen Hajo mai bandar kifi, wadda ɗanta ya tsira da 'yar gonar tudu, ta ce a sam mata shanshera kaɗan, wato shinkafar da ba a casa ba, tana so ta gwada irin baɗi. Hajo ta dube ta, ta dubi sama, ta ɗebo mata ba ta tambayi komai ba. Daga nan ta bi ta bayan injin casa ta ciko zani da ɓuntu, ƙaiƙayin shinkafa, ta ce wa mai injin na shimfiɗar kaji ne. Da ta zauna haɗawa ta yi tunanin ta zuba yashi a ƙasan daron don ya yi nauyi, sai gabanta ya faɗi. Yashi a ɗakin Allah? Wannan ƙarya ce tsagwaronta. Ɓuntu kuwa ko ba komai ɗan'uwan shinkafa ne, ciki ɗaya suka fito. Da wannan ta lallashi zuciyarta. Ta cika babban daronta da ɓuntu, ta danna, ta shimfiɗa shansherar Hajo a sama ta yi mata tozo. In ka gani sai ka rantse buhu guda ne a ciki.

Dabararta ba ta da wuya. Bisa al'ada in an tashi, shugabar zumunta ce ke shiga ƙaramin ɗaki ta juye kaya a buhuna kafin a raba. Ita za ta juye nata da hannunta, ta san yadda za ta yi da ɓuntun. Abin da ba ta tuna ba, tsakanin kanta da ƙaramin ɗakin akwai hannun wani.

Ranar ta sha anko, ta naɗa gammo, ta ɗora. Masu rawa bana ba su da yawa, bencin kuwa ya cika har an ƙara wani. Aka buga tulun kiɗa, aka kaɗa kacau-kacau, ta shige gaba. Ƙafarta ba ta taɓa sauƙi irin na ranar ba. Tana juyi, tana karkata, tana waƙa da ƙarfi don kada ta ji abin da zuciyarta ke cewa. Da suka shiga coci ta kai gaba ta tsaya, sai ta ga wadda ta miƙe daga benci za ta sauke mata. Briskila ce.

Tsohuwar ta kafa ƙafa, ta tattaro ɗan ƙarfin da ya rage mata kamar yadda ake yi wa daron shanshera, ta sa hannu biyu ta ɗaga. Daron ya tashi sama fiye da yadda ta nufa, saura kaɗan ya kuɓuce mata. Ta tare shi da ƙirji. Idonta da ya fara hazo ya shiga cikin na Tabita. Tabita ta ji zanin jikinta kamar ba a ɗaure yake ba. Ta jira.

Sai Briskila ta saki wani nishi, ta tanƙwara baya, ta dire daron a hankali kamar mai dire dutsen niƙa.

Ta ce, "Wash. 'Yar nan, so kike ki karya ni?"

Aka yi dariya, aka yi tafi. Wani dattijo ya ce lallai gonar Guri ta yi albarka. Tabita ta koma mazauninta ba ta san da wace ƙafa ta taka ba. Da aka kira masu shaida ta ce maƙogwaronta ya dushe da waƙa.

Ta ɗauka ta sha. Sai bayan wa'azi fasto ya miƙe ya ce tunda bana abin kaɗan ne, masu karɓa kuma da yawa, ba sai an shiga ɗaki ba. A shimfiɗa tamfol a nan gaban kowa, a juye duka wuri ɗaya, a auna da kwano, kowa ya ga nasa ya ga na ɗan'uwansa. Aka jawo tamfol. Aka juye ƙwaryar farko, aka juye ta biyu. Daron Tabita na nan a layi, ya fi kowanne girma. Ta fara addu'a a ranta, ba ta ma san me take roƙo ba, ko ƙasa ta tsage ko rufin ya faɗo.

Briskila ta sake miƙewa. Ta ce ita fa ta tsufa, bayanta ba zai jure zaman awo ba. A ba ta daron Tabita ya zama rabonta, ya fi ko ya kasa, ta tafi gida.

Aka fara guna-guni a cocin. Wani ya ce a raba dai daidai. Wani daga baya ya ce ashe tsufa da haɗama yake zuwa. Briskila ba ta ko waiwaya ba, ta je ta dafa daron ta tsaya, ta ce ita ta sauke shi, ita ta san abin da bayanta ya sha. Fasto ya dubi furfurarta, ya tuna marayun da ke gidanta, ya ce a bar mata. Wani mai babur ya ce ta kawo ya kai mata. Ta ce masa ta ga irin tuƙinsa, so yake ya shuka mata shinkafa a hanya? Ta durƙusa ta ɗora da kanta, da nishi da komai, ta fita.

Tabita ta bi ta da ido ta taga. Tsohuwar na tafe a duƙe, ta kai gindin tsamiya ta sauke ta huta, ta sake ɗauka, ta kai bakin famfo ta sake hutawa. Duk hutun da ta yi, Tabita ji take kamar a fuska aka mare ta. Ga kuma awo ana yi a gabanta, kowa na benci yana tafiya da ɗan abin da zai kai shi wani lokaci. Briskila kaɗai ta tafi da shimfiɗar kaji.

Da ta koma gida ta faɗa wa Irmiya, zazzaɓin nasa ya sauka nan take. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi shi benci ya ce su zauna su ci rabonsu, yanzu ga shi sun ci na marayu. Washegari ya tafi Haɗejiya neman aikin dako a kasuwar kifi.

Tabita ta kwana biyu ba ta fita ba. Amma magana ba ta buƙatar ƙofa. Ta riƙa ji ana cewa Briskila ta zubar da girmanta, ta wawuri babban daro ta bar sauran da kwano-kwano. Har aka ce wata ta aika gidanta neman aron shinkafa tunda ita ce mai ita, ta ce babu, aka ƙara mata da rowa. Tabita ta ji wannan tana riƙe da lomar tuwo, ta mai da ita kwano.

Da la'asar ta kwance akuyarta, ita kaɗai ta rage musu, ta ja ta ta bayan gidaje har gidan Briskila. Ta same ta zaune a tabarma tana gyaran zogale. Ga daron can a kife jikin zana, ga ɓuntun an tara kusa da murhu ana hura wuta da shi. Tabita ta durƙusa nesa da tabarmar. Gaisuwar ma ba ta fito ba, kuka ne ya riga ta.

Briskila ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta ce shansherar saman dai ta yi daɗi, a gaida Hajo, don irinta ne, ta gane shi.

Tabita ta ce ta san Allah ne ya kama ta. Maganar da ta yi bara ce ya rama wa Briskila, shi ya sa ya aiko ruwa, ya aiko tsuntsu, ya tona ta. Ta cancanci fiye da haka.

Briskila ta ce, "Ashe har yanzu kina nan inda kike. Bara kin ce zunubina ya jawo ruwa, bana kin ce naki ne. Ke kogin nan ba shi da wani aiki sai bin diddiginmu ni da ke? Liman ma gonarsa ta nutse."

Tabita ta ce to in ba hukunci ba ne mene ne, tunda ta yi addu'a, ta yi azumi, ta ba da baiko a coci, ba abin da ta rage.

Tsohuwar ta ce ita ma ta yi duk wannan a kan ɗanta, ya kuma mutu a cinyarta. Ta ce ita ba ta yi karatu ba, amma ta san Wanda suke bi a kan itace aka rataye shi yana neman ruwan sha, ba ta kuma taɓa jin an ce bangaskiyarsa ce ta yi rami ba. Shekarar da su Tabita suka samu ta yi musu murna, ta ci shinkafarsu ta ƙoshi duk da yajin da aka zuba mata a kai. Samu kyauta ne, a ci a ba wani. Rashi kuma ba ta san dalilinsa ba, ta dai san ba ita kaɗai ke zaune a cikinsa ba.

Tabita ta share fuska ta turo igiyar akuyar. Ta ce a karɓa, a sayar a sai hatsi, ba sai kowa ya ji ba, tunda daga ita sai Mama suka san abin da ke cikin daron.

Briskila ta yi wata 'yar dariya ta hanci. Ta ce, "Daga ni sai ke? Duk macen da ta taɓa ɗaukar kaya ta san wuyan mai kaya. Mai daron shanshera wuyanta shigewa yake, idonta na ƙasa, ƙafarta na ja. Ke kuwa kin shigo kina juyi kamar amarya. Me kike tsammani ya sa masu tulu suka ƙara wuta?"

Tabita ta ji kamar an yaye rufin gidanta da rana tsaka. Ta ce to masu cewa Mama ta yi haɗama fa? Briskila ta ce maza ne suka fara, su ba su san komai ba, matan kuma suka taya su don zancen ya tsaya a kanta kada ya ƙarasa inda ya dace.

Nan Tabita ta miƙe tsaye. Ta ce wallahi ba za ta bari ba. Ran Lahadi za ta fita gaban ikilisiya ta faɗi komai da bakinta, ta wanke Mama, ta aje shugabancin, kowa ya tofa mata abin da ya ga dama. Briskila ta ce ba ta so. Tabita ta ce sai ta yi. Briskila ta ce ta zauna. Tabita ta ce ba za ta zauna ba, wannan ne kaɗai zai sauke mata abin da ke ƙirjinta, kuma ba mai hana ta.

Tsohuwar ta aje faifan zogalen, ta ɗago ta dube ta.

Ta ce, "Ke dai kin cika son gaba. Bara shaida, bana rawa, yanzu kuma kuka, duk sai an taru an kalle ki. Jikokina ba za su ci hawayenki ba. Mai da akuyarki. Gobe Alhaji Ɗahiru zai kwashe shinkafarsa ta tudu da ta makara, mu matan benci za mu bi bayan masu yanka mu yi kala. Ki zo da ankonki in kina so, ki durƙusa kusa da ni, don idona ba ya ganin zangarniya sosai. Duk abin da kika tsinta nawa ne, har ran da daron can ya yi nauyin da na yi masa nishi."